BABI NA HUƊU: ƘAIƘAYI A JIKIN MASU WANKIN ƘODA, DALILANSA DA HANYOYIN MAGANCE SHI

4.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a dubi ɗaya daga cikin wahalhalun da suka fi addabar masu wankin ƙoda, wato ƙaiƙayi. Sau da yawa akan ɗauki ƙaiƙayi ƙaramin abu ne idan aka kwatanta shi da kumburin jiki ko ƙarancin jini ko hawan jini, saboda haka maras lafiya yakan yi shiru da shi, likita kuma bai cika tambaya ba. Amma bincike ya nuna cewa wannan ƙaiƙayi yana hana barci, yana jefa mutum cikin damuwa, yana buɗe wa ƙwayoyin cuta hanyar shiga jini, har ma yakan sa wani ya gaji da zuwa wankin ƙodar baki ɗaya.

Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, ƙaiƙayin masu wankin ƙoda ba ciwon fata ba ne irin su ƙazwa ko makero ko kirci, duk da cewa a fata ake jin sa. Tushensa yana cikin jini da jijiyoyin sadarwa da garkuwar jiki. Wannan shi ne dalilin da ya sa magungunan da aka saba sha ko shafawa don ƙaiƙayi ba su cika yi masa aiki ba. Za a fara da taƙaitaccen bayani a kan wankin ƙoda, sannan a kawo siffofin ƙaiƙayin da yawansa da dalilansa, daga nan sai hanyoyin magance shi.

4.1 Wankin Ƙoda a Taƙaice

Kowace ƙoda tana ɗauke da ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya. A kowace rana ƙodojin baligi mai lafiya sukan tace ruwa kimanin lita 180 daga jini, su mayar da mafi yawansa cikin jiki, su fitar da kamar lita ɗaya da rabi a matsayin fitsari. Ta wannan hanya ce jiki ke rabuwa da dattin da ke taruwa a jini, irin su yuriya, da kuma rarar gishiri da fotashiyam da fosfet. Idan ƙoda ta gaza gazawar da ba ta dawowa, dole a nemi abin da zai yi mata wannan aiki.

Wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Willem Kolff ne ya haɗa injin wankin ƙoda na farko a shekarar 1943. A shekarar 1960 kuma Belding Scribner na Amurka ya samar da hanyar da za a riƙa haɗa jinin mutum da inji a kai a kai, wanda hakan ya ba da damar rayuwa da wankin ƙoda na shekaru. A Nijeriya an fara wannan aiki ne a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas a shekarar 1981. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a yi wankin sau uku a mako, kowane zama kimanin awa huɗu. Akwai kuma nau'i na biyu wanda ake zuba ruwan wanki a cikin ciki ta wani bututu, tantanin ciki ya yi aikin tacewa.

Abin lura a nan shi ne, ƙoda mai lafiya tana aiki dare da rana ba hutu, inji kuwa awa goma sha biyu kacal yake aiki a mako. Bugu da ƙari, injin ya fi iya cire ƙananan sinadarai, masu ɗan girma kuwa da waɗanda suka manne wa furotin na jini sukan saura. Ke nan wankin ƙoda yana rage datti ne, ba ya kawar da shi duka.

4.2 Ma'anar Ƙaiƙayi da Siffofinsa ga Masu Wankin Ƙoda

Ma'anar da masana suka fi amfani da ita har yau ita ce wadda wani likitan Jamus, Samuel Hafenreffer, ya bayar a shekarar 1660, inda ya bayyana ƙaiƙayi da cewa wani ji ne maras daɗi wanda ke sa mutum sha'awar yin susa. Idan ya kai mako shida ko fiye, ana kiran sa ƙaiƙayi mai daɗewa, kuma na masu ciwon ƙoda yana cikin wannan rukuni, domin yakan ɗauki watanni ko shekaru.

Wannan ƙaiƙayi yana da wasu siffofi da ake gane shi da su, kamar haka:

(a) Ya fi kama gadon baya da hannuwa da fuska da ƙirji, kuma yakan kama ɓangaren dama da na hagu daidai wa daida. Ga wasu kuwa duk jiki yake gamewa.

(b) Ya fi tsananta da dare. Zafi da gumi da bushewar fata da ɓacin rai duk suna ƙara shi.

(c) Wasu sukan ji shi ya tashi lokacin da suke kan inji ko jim kaɗan bayan sun sauka, wasu kuma a ranar da ba su yi wanki ba.

(d) Da farko ba a ganin ƙuraje ko wani tabo, in ban da bushewa da furfurar fata. Duk abin da ya bayyana daga baya, kamar zane-zanen farce da miki da kaurin fata da ƙulle-ƙulle masu tauri, susa ce ta haifar da shi.

Siffa ta ƙarshe tana da muhimmanci ƙwarai. Susa tana ba da sauƙi na ɗan lokaci, amma tana raunata fata, raunin kuma yana tayar da sabon ƙaiƙayi, sai a shiga wani zagaye maras ƙarewa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka abin yake a nan, domin mai wankin ƙoda yana da mashigar jini a hannu, ko bututu a wuya ko a matsematsi, ga kuma garkuwar jikinsa ta yi rauni, don haka ƙaramin miki kusa da waɗannan wurare yana iya kai ƙwayoyin cuta cikin jini.

4.3 Yawan Masu Fama da Shi da Illolinsa

A farkon shekarun 1970 an ba da rahoton cewa kimanin kashi 85 cikin ɗari na masu wankin ƙoda suna fama da ƙaiƙayi. Adadin ya ragu sakamakon ingantuwar injuna da matatai, amma matsalar ba ta kau ba. Babbar hujja a kan haka ta fito ne daga wani bincike na ƙasa da ƙasa da ake kira DOPPS a taƙaice, wanda aka fara a shekarar 1996 don bin diddigin yadda ake wankin ƙoda da sakamakonsa. A rahoton da Pisoni da abokan aikinsa suka fitar a shekarar 2006, wanda ya shafi marasa lafiya fiye da 18,000 a ƙasashe 12, an gano cewa kashi 42 cikin ɗari suna da ƙaiƙayi matsakaici zuwa mai tsanani. An kuma gano cewa haɗarin mutuwa a tsakaninsu ya ɗara na sauran da kashi 17 cikin ɗari, kuma rashin samun barci mai kyau yana da babban hannu a wannan bambanci.

Rahoto na biyu, wanda Rayner da abokan aikinsa suka fitar a shekarar 2017 daga ƙasashe 17, ya nuna cewa waɗanda ƙaiƙayi ya dama matuƙa sun ragu daga kashi 28 cikin ɗari a 1996 zuwa kashi 18 a 2015. Sai dai rahoton ya tono wata matsala ta daban. Kashi 69 cikin ɗari na likitocin da ke shugabantar cibiyoyin wanki sun ƙiyasta yawan masu ƙaiƙayi ƙasa da yadda yake a zahiri. Haka kuma, daga cikin waɗanda ƙaiƙayi ke damun su kusan kullum, kashi 17 ba su taɓa gaya wa wani ma'aikacin lafiya ba, kashi 18 kuma ba sa amfani da kowane irin magani.

Waɗannan alƙaluma sun fito ne mafi yawa daga ƙasashe masu wadata, inda ake samun cikakken wanki. A Afirka kudu da Sahara lamarin ya fi haka wuya. Wani nazari da Ashuntantang da abokan aikinta suka wallafa a shekarar 2017 ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na manyan da suka fara wankin ƙoda a wannan yanki sun daina, kuma rashin kuɗi shi ne babban dalili. Wanda bai daina ba ma sau da yawa yakan yi wanki sau ɗaya a mako ko kuma sai ya samu kuɗi. Ga kuma ɗabi'ar dauriya da kunya, wadda kan sa mutum ya ga bai dace ya kai kukan susa gaban likitan da ke fafutikar ceton ransa ba.

4.4 Dalilan da Ke Haifar da Ƙaiƙayin

Masana sun yi ittifaƙi cewa ba abu ɗaya ne ke haifar da wannan ƙaiƙayi ba, abubuwa ne da dama suke haɗuwa, kuma wanda ya fi ƙarfi ga wani ba lallai ne shi ne ya fi ƙarfi ga wani ba. Ana iya karkasa su gida biyar.

4.4.1 Bushewar Fata

Fiye da rabin masu wankin ƙoda suna da busasshiyar fata. Dalili kuwa shi ne maɓuɓɓugan gumi da na maiƙo da ke cikin fata sukan ƙanƙance idan ciwon ƙoda ya daɗe, sai fata ta rasa laimarta. Ba kowane mai busasshiyar fata ne ke ƙaiƙayi ba, amma bushewar tana sa ƙaramin abu ya tayar da shi, tana kuma ƙara masa tsanani. A ƙasar Hausa wannan dalili yana ƙara nauyi a lokacin hunturu, sa'adda busasshiyar iska ke sa fatar mai lafiya ma ta yi kaushi da faso. Wanka da ruwa mai zafi sosai da dirzar jiki da soso da zama kusa da wuta don jin ɗumi duk suna ƙara busar da ita. Mai wankin ƙoda kuma ba shi da damar yawaita shan ruwa, tunda an ƙayyade masa abin da zai sha.

4.4.2 Taruwar Datti da Rikicewar Ma'adinan Jini

Idan ƙoda ta gaza, fosfet yakan taru a jini, kalshiyam kuma ya rikice. Wannan yakan zaburar da wasu ƙananan gaɓoɓi guda huɗu masu girman ƙwayar shinkafa da ke cikin wuya, waɗanda ake kira faratayirod, su riƙa fitar da sinadarinsu fiye da kima. A shekarar 1968 Massry da abokan aikinsa sun ba da rahoton wasu marasa lafiya da ƙaiƙayinsu ya gushe bayan an yi masu tiyatar rage waɗannan gaɓoɓi. Wannan ya sa aka daɗe ana ɗora alhakin ƙaiƙayin a kan fosfet da faratayirod. Sai dai binciken da ya biyo baya ya nuna cewa dangantakar ba ta kai ƙarfin da aka zata ba, domin akwai masu fosfet daidai da ke fama da susa, akwai kuma masu yawan fosfet da ba sa yi. Duk da haka, rashin isasshen wanki yana daga cikin abubuwan farko da ake dubawa, musamman a wuraren da ake tsallake zama.

4.4.3 Zafafar Garkuwar Jiki

Jikin mai wankin ƙoda yana zama cikin wani irin kumburin ciki maras tsanani amma mai ɗorewa, wanda dattin jini da yawan haɗuwar jini da matatar inji suke haddasawa. An auna jinin masu ƙaiƙayi an ga wasu sinadaran da ƙwayoyin garkuwa ke fitarwa, kamar intalukin na 6 da na 31, sun fi yawa a jikinsu fiye da waɗanda ba sa ƙaiƙayi. Waɗannan sinadarai suna iya tsokanar bakin jijiyoyin da ke cikin fata. Abin da ya ƙarfafa wannan ra'ayi shi ne yadda ƙaiƙayin ke lafawa da hasken da ke kwantar da garkuwar fata, da kuma yadda yake gushewa bayan dashen ƙoda.

4.4.4 Lalacewar Jijiyoyin Sadarwa

Saƙon ƙaiƙayi yana tafiya ne daga fata zuwa laka zuwa ƙwaƙwalwa ta wasu siraran jijiyoyi. Waɗannan hanyoyi iri biyu ne. Akwai wadda sinadarin histamin ke tayarwa, ita ce ta cizon sauro da borin jini, akwai kuma wadda ba ruwanta da histamin. Ƙaiƙayin masu ciwon ƙoda ya fi bin hanya ta biyu. Ban da haka, dattin jini da ciwon suga suna lalata jijiyoyin kansu, sai su riƙa aika saƙon ƙaiƙayi ba tare da wani abu ya taɓa fata ba. Shi ya sa ake yawan samun wannan ƙaiƙayi tare da jin tsira ko zafi ko mutuwar ƙafa, da kuma rashin natsuwar ƙafafu da dare.

4.4.5 Rashin Daidaito a Sinadaran Rage Zafi na Jiki

Jikin ɗan Adam yana samar da wasu sinadarai masu kama da ofiyom don rage raɗaɗi, kuma suna aiki ne ta wasu makarɓai da ke jikin jijiyoyi. Biyu daga cikinsu, waɗanda aka sa wa sunan haruffan Girkanci miyu da kaffa, suna kishiyantar juna a batun ƙaiƙayi: idan aka motsa miyu ƙaiƙayi yakan tashi, idan aka motsa kaffa yakan kwanta. Wannan ne ya sa wanda aka yi wa allurar mofin kan yi susa. Ana ganin cewa a ciwon ƙoda ɓangaren miyu ne ke rinjayar na kaffa. Wannan fahimta ce ta haifar da sababbin magungunan da za a ambata a gaba.

4.5 Tantance Ƙaiƙayin da Auna Shi

Ba duk ƙaiƙayin da ya kama mai wankin ƙoda ne ya fito daga ƙoda ba, don haka wajibi ne a fara kore sauran dalilai. Ƙazwa ita ce ta fi saurin rikita mutane, domin ita ma da dare take tsananta, amma ana gane ta da ƙuraje a tsakanin yatsu da wuyan hannu da al'aura, kuma akan samu wasu mutanen gidan suna susa. Sannan akwai kirci da makero da ƙwarƙwata. Akwai ciwon hanta nau'in B da C, waɗanda masu wankin ƙoda suka fi sauran jama'a haɗarin kamuwa da su, da toshewar hanyar matsarmama, da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, da cuta mai karya garkuwar jiki. A yankunan da ke bakin koguna masu gudu akwai cutar da ƙudan rafi ke yaɗawa mai kawo makanta, wadda ita ma ƙaiƙayi ne farkonta. Magunguna ma suna cikin lissafi, kamar tiramadol da kodin, da kuma kulorokwin, wanda aka san shi da sa baƙar fata susa. Idan kuwa ƙaiƙayin yana tashi ne da zarar an hau inji, sai a yi zaton jiki ne ke ƙin matatar ko iskar da aka tsabtace ta da ita ko maganin hana daskarewar jini.

Da yake mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne a tambayi maras lafiya ya zaɓi lamba daga 0 zuwa 10 wadda ta dace da mafi tsananin ƙaiƙayin da ya ji a cikin awa 24 da suka wuce. A kuma tambaye shi ko yana hana shi barci ko sana'a ko shiga mutane. Wannan tambaya ba ta cin ko kwabo, kuma maimaita ta a kai a kai ita ce hanyar sanin ko magani yana aiki.

4.6 Hanyoyin Magance Shi

Magani yana tafiya ne mataki-mataki, daga mai sauƙi da araha zuwa mai tsada.

4.6.1 Inganta Wanki da Gyara Abinci

Mataki na farko shi ne a tabbatar ana samun isasshen wanki. Mafi ƙarancin abin da ake nema shi ne kowane zama ya rage yuriyar jini da kashi 65 cikin ɗari. Tsallake zama ko sauka daga inji kafin lokaci ya cika suna rage wannan. Akan kuma sauya matata zuwa mai faɗin ƙofofi, wadda ta fi cire manyan sinadarai. A Nijeriya wannan mataki ya rataya ne a kan kuɗi. A shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar rage kuɗin zama ɗaya daga kimanin naira 50,000 zuwa naira 12,000 a wasu zaɓaɓɓun asibitocinta, amma ko a wannan farashi zama uku a mako ya haura naira 140,000 a wata, ban da magunguna da kuɗin mota.

Idan fosfet ya yi yawa, akan rage abincin da ke ɗauke da shi, kamar madara da nono da cuku da gyaɗa da ƙuli-ƙuli da kayan ciki da busasshen kifin da ake ci da ƙayarsa da baƙin lemon kwalba. Akan kuma ba da ƙwayoyin da ke kama fosfet a cikin hanji, irin su kalshiyam kabonet da sebelama, waɗanda dole ne a sha su tare da abinci, in ba haka ba ba su da amfani. Sai dai ba a so tsoron fosfet ya kai mutum ga ƙaurace wa nama da ƙwai da kifi gaba ɗaya, domin mai wankin ƙoda yana bukatar furotin fiye da mai lafiya. Idan faratayirod ne ya yi yawa ƙwarai, akwai magani, akwai kuma tiyata.

4.6.2 Kula da Fata

Wannan mataki ya hau kan kowane mai ƙaiƙayi. Ana so a yi wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi, da sabulu maras kaifi, ba tare da dirza ba, a tsane jiki a hankali, sannan a shafa mai nan take tun fata tana da laima, sau biyu ko fiye a rana. Gwaje-gwaje sun nuna amfanin man da ke ɗauke da giliserin da farafin, da kuma mai yuriya kashi 10 cikin ɗari. Basilin da man kaɗanya tsantsa, waɗanda ke samuwa a kowace kasuwa, suna yin aikin riƙe laimar fata. A yanke farce, a sa tufafin auduga masu sakewa, a guji mai mai yawan turare da man bilicin. Idan ƙaiƙayin wuri ɗaya ya kama, akwai man shafawa mai firamoksin, da kuma mai kafsaisin, wato sinadarin da ke sa barkono yaji, wanda aka sarrafa a ƙaramin ma'auni na kashi 0.025 cikin ɗari. Wannan ba ya nufin a shafa barkono a jiki.

4.6.3 Magungunan Sha da na Allura

Abin da aka fi saurin miƙa wa mai ƙaiƙayi shi ne magungunan da ke toshe histamin, irin su Piriton. Rahoton 2017 da aka ambata ya nuna cewa fiye da rabin likitocin da aka tambaya da su suke farawa. Amma kamar yadda aka gani a 4.4.4, wannan ƙaiƙayi ba hanyar histamin yake bi ba, don haka abin da suka fi yi shi ne sa barci, ga kuma jiri da faɗuwa ga tsofaffi.

Maganin da ya fi samun goyon bayan bincike shi ne gabafentin da ɗan'uwansa firegabalin, waɗanda ke kwantar da jijiyoyin sadarwa. A wani gwaji da Gunal da abokan aikinsa suka yi a Turkiyya a shekarar 2004 a kan mutum 25, miligiram 300 na gabafentin bayan kowane wanki ya rage ƙaiƙayi ƙwarai da gaske. Sai dai akwai babban gargaɗi. Ƙoda ce kaɗai ke fitar da waɗannan magunguna, saboda haka a jikin wanda ƙodarsa ta gaza taruwa suke yi har sai an hau inji. Ma'aunin da mai lafiyar ƙoda ke sha sau uku a rana yana iya jefa mai wankin ƙoda cikin magagi da ruɗewa, har da doguwar suma. Don haka likitoci sukan fara da miligiram 100 na gabafentin bayan kowane wanki, ko miligiram 25 na firegabalin, su ƙara a hankali in da bukata. Haɗarin ya fi yawa ga mai tsallake zama. Ba magani ba ne da za a saya a kemis don an ji ya yi wa wani aiki.

Daga cikin masu motsa makarɓan kaffa, an amince da nalfurafin a Jafan a shekarar 2009. Na biyu shi ne difelikefalin, wanda ake zubawa ta bututun inji a ƙarshen kowane wanki. A gwajin da Fishbane da abokan aikinsa suka wallafa a shekarar 2020 a kan mutum 378, kusan rabin waɗanda aka ba maganin na mako 12 sun samu raguwar maki uku ko fiye a ma'aunin 0 zuwa 10, yayin da ƙasa da kashi ɗaya cikin uku ne suka samu haka daga waɗanda aka yi wa allurar da babu magani a cikinta. Illolinsa sun haɗa da gudawa da jiri da amai. An amince da shi a Amurka a 2021, a Tarayyar Turai kuma a 2022, amma tsadarsa ta fi ƙarfin mafi yawan marasa lafiya a Afirka. Akwai wasu magungunan da aka gwada a kan mutane kaɗan, kamar setralin da gawayin asibiti da aka sarrafa, waɗanda akan koma gare su idan na farko sun gaza.

4.6.4 Gashin Haske da Dashen Ƙoda

A shekarar 1977 Gilchrest da abokan aikinta a Amurka suka nuna cewa haska fata da wani nau'in haske da ido ba ya gani, wanda ake kira UVB, yana sauƙaƙa wannan ƙaiƙayi. Ana yin sa ne da na'ura ta musamman sau biyu ko uku a mako na tsawon makonni. Zama a rana ba ya maye gurbinsa, domin zafi da gumi ƙara ƙaiƙayin suke yi.

Maganin da ke tumɓuke matsalar daga tushe shi ne dashen ƙoda, domin mafi yawan waɗanda aka yi wa dashe cikin nasara sukan rabu da ƙaiƙayin. A Arewacin Nijeriya, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara wannan aiki a shekarar 2002.

4.6.5 Matsayin Magungunan Gargajiya

Idan susa ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, akan shawarci maras lafiya da ya sha jiƙo ko sassaƙe don wanke dattin jini ko maganin sanyi. Irin wannan yana da haɗari ga wanda ƙodarsa ta gaza ta fuska uku. Na farko, ruwan da zai sha ya ɗara abin da aka ƙayyade masa. Na biyu, ganyaye da saiwoyi da yawa suna ɗauke da fotashiyam, wanda yawansa a jini kan tsayar da zuciya farat ɗaya. Na uku, duk gubar da ke cikin haɗin ba ta da mafita daga jiki, kuma tana iya ƙarasa ɗan ragowar aikin da ƙodar ke yi.

4.7 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa ƙaiƙayi yana damun kimanin mutum huɗu cikin goma na masu wankin ƙoda, kuma yana da alaƙa da rashin barci da shigar ƙwayoyin cuta da ƙaruwar haɗarin mutuwa. An ga cewa dalilansa sun haɗa da bushewar fata da taruwar datti da zafafar garkuwar jiki da lalacewar jijiyoyi da rinjayar makarɓan miyu a kan na kaffa. An kuma ga cewa magani yana farawa ne da kore sauran cututtuka, sannan isasshen wanki da shafa mai, kafin a kai ga gabafentin a ƙaramin ma'auni ƙarƙashin kulawar likita. Sababbin magunguna da gashin haske ba kowa ke iya kaiwa gare su ba, amma tambayar maras lafiya da auna ƙaiƙayinsa da koya masa kula da fata abubuwa ne da kowace cibiyar wanki za ta iya yi. A babi na gaba za a kawo kammalawa da shawarwari.